Darasi: Yadda Ɗan Kasuwa a Katsina Zai Kare Kuɗinsa da Bayanansa Daga Ɓarayin Intanet

Yau za mu yi magana ne kan tsaron kasuwanci a zamanin da ciniki ya koma cikin waya, kuma birnin Katsina za mu ɗauka a matsayin misali. Darasin ya shafi mai shago, yaron shago, mai POS, mai shagon kwamfuta, da wadda ke sayar da kaya daga cikin gida ta WhatsApp.

Yadda durowar kuɗi ta koma cikin waya

A ranar 26 ga Oktoba 2022 Babban Bankin Najeriya ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200, 500 da 1,000. Sababbin takardun sun fara yawo ranar 15 ga Disamba, amma ba su wadata ba, har farkon 2023 ya zo wa jama'a da ƙarancin tsabar kuɗi mai tsanani. A watannin nan ne mai atamfa a Babbar Kasuwar Katsina, mai nama a Ƙofar Ƙaura da mai shayi a Ƙofar Marusa suka rubuta lambar asusu a kwali suka liƙa a bango. Wanda bai taɓa shiga banki ba ya buɗe asusun OPay, Moniepoint ko PalmPay a wayarsa. Daga baya kuɗi sun dawo hannu, amma al'adar taransifa ta zauna daram.

Abin lura shi ne, shago yana da ƙofar ƙarfe, yana da kwaɗo, da dare kuma akwai mai gadi. Wayar da cinikin wata guda ke kwance a cikinta kuwa sau da yawa ko lambar kulle ba ta da ita. A shaguna da dama kuma maigida ba shi ke riƙe da wayar ba, ɗansa ko ƙanensa ko yaronsa ne ke duba alat. Idan kai ne wannan matashin, to tsaron dukiyar gidan yana wuyanka.

Dabarun ɓarayi suna canzawa kullum, amma kusan dukkansu abu uku suke nema: su sa ka gaggawa, su sa ka yarda da saƙo ba tare da ka tabbatar ba, ko su mallaki layinka da lambobin sirrinka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bari mu bi tsagogin ɗaya bayan ɗaya.

1. Alat na bogi

Mutum zai zaɓi kaya, ya ce zai yi taransifa. Can sai tes ya shigo wayarka da sunan banki, ko ya nuna maka rasit a fuskar wayarsa. Ka ba shi kaya, sai da dare wajen lissafi ka ga babu ko sisi. Sunan da ke saman saƙon tes ba hujja ba ne, domin akwai hanyoyin tura tes da suna mai kama da na banki. Rasit ma haka: akwai manhajojin da ke tsara shi da tambarin banki da sunanka da adadin kuɗin. Masu wannan aiki sun fi son lokacin cunkoso, kamar daf da magariba ko jajibirin sallah, lokacin da kowa ke cewa sabis ba kyau.

Maganinsa shi ne ka buɗe manhajar bankinka da kanka, ka ga kuɗin sun shiga, ragowar da ke asusun ta ƙaru. Wasu manhajojin asusun kasuwanci suna ba da damar a buɗe wa yaron shago shafin da zai riƙa ganin shigowar kuɗi kawai ba tare da ikon fitarwa ba. Tambayi bankinka ko yana da wannan tsari.

Babbar matsalar a nan ita ce kunya. Yaro yana jin nauyin ya tsayar da dattijo mai babbar riga ya ce sai ya duba. Don haka a rubuta a jikin bango cewa kaya ba ya fita sai kuɗi sun shiga. Idan doka ce ta shago, babu wanda zai ga an raina shi.

Akwai kuma mai cewa ya yi kuskure ya turo 150,000 maimakon 15,000, a taimaka a maido masa da ragowar. Kada ka tura komai sai ka ga kuɗin a asusu, idan ma sun shiga, ka bi ta banki wajen mayarwa. Mai POS shi ma ya kula da wanda zai sa a turo manyan kuɗi daga asusun da ba sunansa ba ya karɓi tsaba. Idan kuɗin na sata ne, asusunka za a fara rufewa idan bincike ya biyo. Ka riƙa rubuta suna da lambar wayar mai karɓar manyan kuɗi, ka kuma nemi ganin katin shaida.

2. Layin sim ya fi wayar daraja

Wanda ya fizge waya a cikin a-daidaita-sahu ko wajen caji ba koyaushe wayar yake nema ba. Ko ta kulle, zai zare sim ya sa a ƙaramar waya. Daga nan sababbin saƙonnin banki za su nuna masa inda kake ajiya, zai iya neman lambar BVN da ke haɗe da layin, kuma duk lambar tabbatarwa da banki zai turo hannunsa za ta faɗa. Da wannan ake sayen katin waya da kuɗin mutane, a fitar da abin da ya samu, wani lokaci har a ci bashi da sunansu.

Kulle sim da lambar sirri shi ne kariyar da ta fi sauƙi, kuma kyauta ce. A wayar Android, shiga saitin, ka nemi sashen tsaro, sai wurin da aka rubuta SIM card lock. Da zarar ka kunna, duk wayar da aka sa layin sai ta nemi lambar. Ka fara tambayar kamfanin layinka lambar asali da layin ya zo da ita, sannan ka canza ta. Idan aka yi kuskure sau uku layin zai kulle sai da lambar PUK, wadda ke jikin kwalin da aka ɓallo sim ɗin. Idan aka yi kuskuren PUK sau goma, layin ya mutu sai an je an sake yanko shi.

Ka tabbata layin da ke karɓar alat na shago da sunan mai shagon aka yi masa rajista, da lambarsa ta NIN. Idan da sunan wani ne, ranar da ya ɓata ba za ka iya dawo da shi ba. Kada kuma a bar layin banki ya yi watanni ba a amfani da shi, domin kamfanoni suna sake sayar da layukan da aka daɗe da yasarwa. Idan sabis ɗinka ya ɗauke haka kawai alhali na maƙwabta yana aiki, kada ka jira gobe, mai yiwuwa wani ne ya yanki layinka.

3. Kiran "ma'aikacin banki"

Zai kira ka da ladabi, ya faɗi cikakken sunanka, wataƙila har da ranar haihuwarka. Zai ce za a rufe asusunka yau saboda ba a haɗa shi da NIN ba, ko kuma sunanka ya fito a tallafin 'yan kasuwa. Yanzu da yawa cikinsu da Hausa tsantsa suke magana, har da sallama da addu'a. Abin da ke sa a yarda shi ne umarnin haɗa asusu da BVN ko NIN gaskiya ne, Babban Banki ya fitar da shi a Disamba 2023. Ɓarawo yakan ɗauki labarin gaskiya ya ɗora ƙaryarsa a kai.

Riƙe wannan da kyau: babu ma'aikacin banki na gaskiya da zai nemi lambar sirrin katinka, lambobi uku na bayan katin, kalmar sirrin manhaja, ko lambar OTP da aka turo maka. Duk wanda ya nemi ɗaya daga cikinsu, kashe wayar. Idan hankalinka bai kwanta ba, kira lambar da ke bayan katinka ko ka taka zuwa reshen bankin. Sanin sunanka ba ya nuna daga banki yake, domin duk wanda ya shigar da lambar asusun da ka liƙa a bango zai ga sunan.

4. Sace WhatsApp

Ga mai sayar da turare, lesi, takalma ko abinci ta hanyar sitatus, WhatsApp shi ne shagon baki ɗaya. Hanyar sace shi kuwa ba ta da wuya. Ɓarawo zai shigar da lambarki a wayarsa, WhatsApp ya turo miki lambobi shida ta tes. Sai ya kira ya ce daga guruf ɗin 'yan kasuwa ko na tsofaffin ɗalibai yake, za a yi taro ta intanet, ki karanto masa lambar shiga. Kina karantowa, asusun ya koma hannunsa. Daga nan zai bi kwastomominki yana ba su wata lambar asusu, ya bi 'yan'uwa yana roƙon rance da sunanki. Kuɗin na iya zama kaɗan, amma amanar da aka yi shekaru ana ginawa ita ke zubewa.

A shiga saitin WhatsApp, sai sashen asusu, sai inda aka rubuta Two-step verification. A sa lambobi shida da ba shekarar haihuwa ba, a kuma haɗa da adireshin imel. A riƙa leƙa wurin da aka rubuta Linked devices, duk na'urar da ba a gane ba a fitar da ita, musamman bayan an kai waya gyara ko an buɗe WhatsApp a kwamfutar wani.

Idan an riga an sace, a sake rajistar lambar a waya. Shigar da sababbin lambobi shida da za a turo zai fitar da ɓarawon. Idan ya riga ya sa tasa lambar sirrin, sai an jira kwana bakwai kafin a shiga, amma shi ma an kore shi. A wannan tsakani a sanar da kwastomomi ta kira da sauran shafuka.

5. "Mun canza lambar asusu"

'Yan kasuwar Katsina da yawa suna sarin kaya daga Kantin Kwari ko Kasuwar Singa a Kano, wasu daga Legas, wasu daga Maraɗi ta Jibiya, kuma yanzu mafi yawa tura kuɗi ake yi a ɗoro kaya a mota. A ce an sace WhatsApp na dilan da ka saba da shi shekara biyar. Saƙo zai zo daga lambarsa, da hotonsa, cewa asusunsa ya samu matsala, ka tura kuɗin wannan karon a na ƙanensa. Babu abin da zai sa ka yi shakka, domin lambar tasa ce.

Wannan dabara ta ci manyan kamfanonin duniya. Tsakanin 2013 da 2015 wani ɗan ƙasar Lituweniya mai suna Evaldas Rimasauskas ya yi rajistar kamfani da sunan Quanta Computer, wani kamfanin Taiwan da ke hulɗa da Google da Facebook. Ya riƙa tura musu takardun neman biya na bogi, suka biya shi sama da dala miliyan 100. A Disamba 2019 wata kotu a Amurka ta ɗaure shi shekara biyar. Bai fasa kwamfutar kowa ba, takarda da imel kawai ya yi amfani da su.

Dokar da za ka kafa ita ce: duk canjin lambar asusu sai an tabbatar da shi ta wata hanya daban. Idan ta WhatsApp saƙon ya zo, kira layin mutumin kai tsaye a lambar da ka daɗe da ita. Kafin ka danna tura, karanta sunan da banki ya nuna. Idan kuɗin masu yawa ne kuma asusun sabo ne, fara tura 1,000, ka ji daga bakinsa cewa ta shiga.

6. Mahaɗai da manhajojin bogi

Saƙonnin "danna nan ka samu tallafi" ko "kyautar data" sukan kai ka shafin da aka tsara shi kamar na banki, na Facebook ko na gwamnati. Abin da ka rubuta a ciki kai tsaye yake zuwa wurin ɓarawo. Da irin wannan shafi aka samu kalmar sirrin imel na babban jami'in kuɗi na kamfanin Unatrac da ke Ingila a 2018, aka fitar da kusan dala miliyan 11. Ɗan Najeriyar da aka kama da hannu a ciki, Obinwanne Okeke, an yanke masa shekara goma a Amurka a Fabrairu 2021. Kada ka shiga banki ta mahaɗin da aka turo maka, buɗe manhajar da kanka. Shafukan gwamnatin Najeriya kuma galibi da gov.ng adireshinsu ke ƙarewa.

Manhajojin da ake turawa ta Xender ko guruf, irin su GB WhatsApp da manhajojin kuɗi da aka fasa don a yi amfani da su kyauta, babu wanda ya san abin da aka cusa a cikinsu. Wasu suna karanta saƙonnin tes, ciki har da lambar OTP. Wayar shago daga Play Store ko App Store kawai za ta sauke manhaja, kuma a duba izinin da kowace ke nema. Manhajar tocila ba ta da hurumin karanta saƙonninka.

Masu shagon kwamfuta a kusa da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, Jami'ar Al-Qalam da Kwalejin Hassan Usman, da masu kemis da makarantu masu zaman kansu, su kula da manhajar garkuwa da bayanai. Ita takan kulle duk fayilolin kwamfuta ta nemi kuɗin fansa. A Mayu 2017 wadda ake kira WannaCry ta kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, har asibitoci a Ingila suka soke ganin marasa lafiya. Kamfanin Microsoft ya riga ya fitar da gyaran ɓarakar tun watan Maris, waɗanda ba su sabunta ba ne ta ci. Windows 7 ta daina samun gyaran tsaro tun 14 ga Janairu 2020, Windows 10 kuma 14 ga Oktoba 2025 ce ranar da Microsoft ya tsayar don daina tallafa mata. Kwamfutar da kowane ɗalibi ke soka mata filashi, kuma ba a sabunta ta, bai kamata a buɗe asusun banki a kanta ba.

7. Kwaikwayon murya da fuska

Wannan ita ce sabuwar barazana. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna iya kwaikwayon muryar mutum daga ɗan gajeren sautinsa, irin wanda ake samu a saƙon murya ko bidiyon TikTok. A farkon 2024 wani ma'aikacin kamfanin injiniyoyi na Arup a Hong Kong ya shiga taron bidiyo, ya ga fuskar shugaban sashen kuɗi da wasu abokan aikinsa suna ba shi umarni. Ya tura kimanin dala miliyan 25 a taransifa 15. Duk fuskokin da muryoyin na bogi ne.

Kawo wannan gida. Maigida ya tafi Umara ko Kano, sai saƙon murya ya zo da muryarsa yana cewa a tura wa wani 800,000 yanzu-yanzu, kada a kira shi yana cikin taro. A yau jin murya kaɗai bai isa hujja ba. Ku yi yarjejeniya tun kafin tafiya: kuɗin da ya wuce wani adadi ba ya fita sai an yi magana kai tsaye a layin da aka sani, kuma sai an faɗi wata kalma da ku biyu kawai kuka sani, wadda ba a taɓa rubuta ta a waya ba. Duk umarnin da ya haɗa gaggawa da "kada ka faɗa wa kowa", ka ɗauke shi a matsayin alamar damfara.

8. Ɓaraka daga cikin gida

Sai da ɗan gari akan ci gari. A shaguna da yawa yara huɗu ko biyar sun san lambar sirrin POS da ta manhajar banki, kuma ba a canza ta ko bayan wani ya bar aiki. Ba zargi ba ne a gyara wannan, kariya ce ga kowa, domin idan kuɗi suka ɓata yaron kirki ma zai shiga tuhuma.

A raba asusu biyu: na karɓar ciniki, wanda lambarsa ke bango, da na ajiya, wanda mai shago kaɗai ke taɓawa. Kowace rana bayan rufewa a kwashe na farko zuwa na biyu. A rage iyakar kuɗin da za a iya fitarwa a rana a asusun ciniki. A canza lambobin sirri duk ranar da wani ya bar shago. A guji 1234, 0000 da shekarar haihuwa. Lamba mai gida huɗu tana da haɗi 10,000 ne, mai gida shida kuma 1,000,000, don haka inda aka ba ka zaɓi ɗauki mai shida. Kalmar sirrin imel ta zama doguwa kuma daban da ta sauran shafuka, domin ta imel ake sake saita kusan komai. Idan da hali, wayar shago ta zama daban da wadda ake kallon bidiyo da buga wasanni a kai. Kafin a kai waya gyara, a zare sim da katin ajiya, a fita daga manhajojin banki.

Ajiye kwafin bayanai

Gobarar da ta tashi a Babbar Kasuwar Katsina a watan Maris na 2021 ta cinye shaguna da dukiya mai yawa, Allah ya kiyaye gaba. A irin wannan iftila'i, bayan kaya, littafin bashi da rasitai ma sukan tafi, kuma su ba a sayo su a kasuwa. Haka abin yake idan waya ta ɓata ko kwamfuta ta kulle.

Masana tsaro suna ba da shawarar kwafi uku na duk muhimmin bayani, a kan na'urori iri biyu, ɗaya kuma a wani wuri daban da shago. A aikace, ka riƙa ɗaukar hoton shafukan littafin bashi duk mako, ka ajiye a Google Drive. Lambobin kwastomomi su zauna a asusun Google, ba a kan sim ba. Ka kunna ajiyar hirarrakin WhatsApp. Mai kwamfuta ya kwafe fayiloli a faifan waje, ya zare shi ya tafi da shi gida, domin faifan da aka bari a jone shi ma manhajar garkuwa za ta kulle shi. Lokaci-lokaci a buɗe kwafin a tabbatar yana aiki.

Idan abin ya riga ya faru

Sa'ar farko ita ce mafi muhimmanci, domin ɓarayi sukan rarraba kuɗi zuwa asusai da yawa cikin mintuna.

Na farko, rufe asusun. Bankuna da yawa suna da lambar gaggawa da ake dannawa daga kowace waya. Nemi ta bankinka yau, ka rubuta a takarda tare da lambar kula da kwastomomi, ka ajiye ɗaya a shago ɗaya a gida.

Na biyu, kira kamfanin layi a toshe sim, sannan ka je ofishinsu da NIN ka yanko shi.

Na uku, shiga asusun Google ko Apple daga wata na'ura, ka kulle wayar ko ka goge ta daga nesa, ka canza kalmomin sirri, kana farawa da na imel.

Na huɗu, kada ka goge komai. Ajiye hoton saƙonni, lambar da ta kira, lambar asusun da kuɗi suka tafi da lokacin da abin ya faru. Kai ƙorafi a rubuce ga banki, ka karɓi lambar ƙorafin. Idan mako biyu suka wuce ba a warware ba, kana iya kai kuka sashen kare haƙƙin kwastomomi na Babban Banki. Ka kuma kai rahoto ga 'yan sanda ko hukumar EFCC.

Na biyar, sanar da kwastomomi da diloli. Jin kunyar a ce an damfare ka shi ke ba ɓarawo damar cin na gaba. Ka kuma yi hattara da masu cewa za su dawo maka da kuɗin idan ka biya su wani abu, yawanci zagaye na biyu ne na damfarar.

Abin da doka ta ce

Najeriya tana da dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, kuma ta tanadi hukunci kan kutse, damfara ta intanet da sojan gona. Akwai kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda ta kafa hukumar NDPC. Wannan ta biyun ta ɗora nauyi a kan masu riƙe bayanan mutane. Idan kana da shagon kwamfuta cike da takardun NIN da hotunan ɗalibai, ko makaranta mai bayanan yara, ko kemis mai bayanan marasa lafiya, amana ce a hannunka kuma doka na iya tambayarka. Idan bayanan suka fita ta yadda zai iya cutar da masu su, ana so a sanar da hukumar cikin sa'o'i 72. Tarar da dokar ta tanada ga ƙananan masu riƙe bayanai na iya kaiwa naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa. Hanya mafi sauƙi ita ce kada ka ajiye abin da ba ka buƙata. Ka gama yi wa mutum rajista, goge takardunsa daga kwamfuta.

Aikin wannan mako

Kafin darasi na gaba, yi waɗannan abubuwa biyar. Ba sa cin kuɗi, kuma ba za su ɗauke ka sa'a ɗaya ba:

1. Kulle sim ɗin da ke karɓar alat, ka adana lambar PUK.
2. Kunna tantancewa mataki biyu a WhatsApp, imel da Facebook.
3. Rubuta lambar rufe asusu ta bankinka a takarda.
4. Liƙa sanarwar "kaya ba ya fita sai kuɗi sun shiga".
5. Zauna da maigida da sauran yaran shago ku amince cewa ba a tura kuɗi zuwa sabon asusu sai an kira an tabbatar.

Na biyar ɗin ya fi sauran wuya, domin sai ka yi wa na gaba da kai bayani cikin ladabi. Ka nuna masa cewa dokar za ta hau kan kowa, har da shi, kuma dukiyarsa ake karewa. Ka karanta wa waɗanda ba sa karatu wannan darasi, musamman iyaye da ke da asusu a ƙaramar waya. Allah ya tsare mana dukiyoyinmu, ya sa albarka a kasuwa. Sai mun haɗu a darasi na gaba.